Kwalbar da Kalla ya kawo

Kwana goma sha ɗaya motar ta yi a hanya,
daga Kwatano, ta gadar Gaya, ta Doso, ta Ƙonni,
ta shigo Damagaram da la'asar tana nishi,
shinkafa jibge a bayanta,
yayana Kalla a gaba, ƙafa a kumbure.

Tsarabarsa ba yawa:
sabulu, turmin zane ɗaya,
da kwalbar lemo da aka toshe da leda.
Inna Cima ta ɗaga ta wajen haske.
Mene ne wannan?
Ya ce, teku ce, Inna. Iyakar wadda na iya ɗaukowa.

Aka shimfiɗa tabarma.
Ya ce a bakin ruwan akwai raƙuman dawa na ƙarfe,
su sunkuya su tsinci akwati mai girman ɗakin nan
kamar kaza da ƙwayar gero.
Ya ce jirgi guda, in aka jingina shi da duwatsun Birni,
duwatsun za su koma murhu.
Ya ce kwana tara ya yi ƙarƙashin mota
yana jiran hatimi ɗaya a takarda ɗaya,
sauro na karɓar nasa harajin,
ɗan duwan na karɓar nasa.

Masu babur da riguna ruwan ɗorawa, in ji shi,
sun fi fara yawa.
Kasuwa kuwa, ka shiga da safe ta ƙofar kifi,
azahar ta same ka cikin barkono
ba ka ga ƙarshen rumfuna ba.
Can ya iske wani ɗan Mirriya na gasa tsire,
shekara ashirin bai zo gida ba,
bai tambayi kowa ba sai kukar ƙofar gidansu:
tana nan?

Da ya zo kan baƙi masu yawon buɗe ido
sai da muka riƙe ciki.
Su biya kuɗi a tuƙa su cikin kwalekwale
su ga garin da aka kafa bisa sanduna a tsakiyar ruwa,
inda yaro ke koyon iyo kafin tafiya.
Su dawo su kwanta kan rairayi tsakar rana
kamar tattasai da aka shanya.
Ba wanda ya aike su.

Inna ba ta yi dariya ba.
Ta ce, duk ruwan nan,
mutanen garin me suke sha?
Ya ce, na leda. Saye suke.
Ta warware bakin kwalbar, ta ɗiga a tafin hannu,
ta lasa, ta tofar.
Gishirin Bilma ya fi wannan kunya, ta ce.
Allah bai haɗa wa kowa duka ba.

Amma ba ta zubar ba.
Ta ajiye ta bisa kanta, kusa da kwanonin aurenta.

Da dare na kunna fitila na duba.
Rairayi ya kwanta a gindi, kaurin farce.
Ba igiya, ba kumfa, ba ƙugin da ya ce yana hana barci.
Na kara kunne.
Tekun ta koyi halin garinmu,
ta yi shiru tana jira.

Ƙarfe uku famfon unguwa ya yi tari.
Na ji takalman mata a lungu, jarkoki na karo,
na sungumi biyu na fita.
Kalla na tsakar gida a kwance, hannu ya kama gefen tabarma
kamar ƙasa na tangaɗi da shi.
Jibi zai koma, da albasa.